Tsofaffin Takardun da Suka Tona Asirin Kwalara

(Kiɗan buɗe shiri)

 

Yau a filinmu na faɗakarwa kan kiwon lafiya, ɗakin karatu za mu shiga. A manyan ɗakunan karatu na duniya akwai wani sashe da ba kowa ke leƙawa ba. A nan ake ajiye tsofaffin zane-zanen da aka buga a maɗaba'a, da takardun sanarwa da aka taɓa liƙawa a bango, da ƙananan ƙasidun da likitoci suka rubuta shekara 150 ko 200 da suka wuce. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare shi ne ɗakin karatun Wellcome da ke titin Euston a birnin Landan, wanda ya samo asali daga kayan da wani attajiri mai sana'ar haɗa magunguna, Henry Wellcome, ya tara kafin rasuwarsa a 1936. Akwai kuma babban ɗakin karatun likitanci na Amurka da ke garin Bethesda, wanda ya faro a 1836 da 'yan littattafai a ofishin babban likitan soja.

Daga irin waɗannan ma'ajiyai zan ɗauko muku wasu takardu, dukansu a kan cutar da muka sani farin sani, wato kwalara, amai da gudawa. Rediyo ba ya nuna hoto, don haka ku ba ni aron hankalinku, ni zan zama idonku.

Takarda ta farko zane ce, an buga ta a Landan a 1828, aikin wani mai zanen barkwanci da ake kira William Heath. Wata mata ce 'yar gayu, ta sha ado, ta kafa ido a madubin likita tana duba ɗigon ruwan da ake kawo mata gida. Abin da ta gani ya sa ta juyo da fuska a firgice, kofin shayin da ke hannunta ya suɓuce. A gefe guda mai zanen ya nuna mana abin da ke cikin ɗigon: wasu halittu masu haƙora da ƙayoyi da manyan idanu, suna iyo a kan juna. Ya kira ruwan da miyar dodanni, ya kuma sadaukar da zanen ga kamfanonin da ke sayar wa mutanen Landan ruwa.

Irin wannan zane ba a rana ɗaya ake gama shi ba. Ana shafa kaki a kan farantin jan ƙarfe, mai zane ya ɗauki allura ya yi ta zana layuka, sannan a tsoma farantin cikin ruwa mai cin ƙarfe, ya ci inda allurar ta bi. A cika layukan da tawada, a danna a kan takarda, daga baya a bi kowane kofe da launi da hannu. Masu shaguna kan jera su a taga, mai kuɗi ya saya, marar kuɗi ya tsaya ya kalla. Wanda bai iya karatu ba ma ya fahimci saƙon, don gani ya kori ji.

Me ya fusata mai zanen? A lokacin, kamfanoni da dama na ɗibar ruwa daga kogin Tems, a daidai inda magudanan ƙazantar birnin ke kwarara. Shekara guda kafin zanen, a 1827, wani mai suna John Wright ya buga wata ƙasida ya fallasa cewa wani kamfani na zuƙo ruwansa dab da bakin wata babbar kwata. Mutane sun ji ƙyama, sun yi ƙorafi. Sai dai ku lura da abu ɗaya: a 1828 kwalara ba ta ma iso Ingila ba tukuna. Ƙyamar ƙazanta daban, sanin cewa ƙazantar nan ce ke kisa daban.

Kwalara ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Sunderland a ƙarshen 1831, ta shiga Landan a farkon 1832. Takarda ta biyu daga wannan shekara ta fito. Sanarwa ce ta hukumar lafiya ta garin Dudley, da manyan baƙaƙe, tana shaida wa jama'a cewa maƙabartun garin sun cika, don haka daga ranar Lahadi mai zuwa ba za a ƙara binne wanda kwalara ta kashe a cikinsu ba, sai a kai shi wani wuri. 'Yan layuka ne kawai, amma duk wanda ya taɓa ganin annoba a unguwarsu ya san nauyinsu.

Akwai wasu takardun na wannan zamani, a Ingila da Amurka, masu ba da shawarar yadda za a tsira. Sukan ce a shafe ɗakuna da farar ƙasa, a kwashe shara, a guji maye, a guji ɗanyen ganye da 'ya'yan itacen da ba su nuna ba, a guji sanyi. Wasu shawarwarin masu amfani ne. Amma babbar maganar ba ta ciki. Manyan likitocin lokacin sun tafi a kan cewa wari ne ke kawo cuta, wato gurɓatacciyar iskar da ke tashi daga juji da masai da ruɓaɓɓun abubuwa, mutum ya shaƙa ya kamu.

Wannan fahimta ta yi tasiri ƙwarai. A 1842 wani jami'in gwamnati, Edwin Chadwick, ya fitar da wani babban rahoto kan halin rashin tsabta da talakawan Birtaniya ke ciki. Rahoton ya girgiza ƙasar, kuma shi ya share fagen dokar kiwon lafiyar jama'a ta 1848. Niyyarsa kyakkyawa ce. Amma da yake wari ake yaƙa, sai aka dukufa wajen kore ƙazantar masai daga ƙarƙashin gidaje zuwa magudanai, magudanai kuma suka juye ta cikin kogin da ake sha. Da kwalara ta dawo a 1848 zuwa 1849, ta kashe mutum kusan 14,000 a Landan kaɗai.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, idan yanzu kuka kama mu, muna duba wasu tsofaffin takardu ne da ke ajiye a ɗakunan karatu, masu ba da labarin yadda aka gano hanyar da kwalara ke bi.

Takarda ta uku ita ce zuciyar shirinmu na yau. A 1849 wani likita mai suna John Snow ya buga 'yar ƙasida mai shafi 31 da kuɗin aljihunsa. An haife shi a birnin York a 1813, ɗan talaka ne, kuma tun yana ɗan koyo ya yi jinyar masu haƙar kwal da kwalara ta kama. Ya lura cewa a cikin ramin haƙar babu masai, babu ruwan wanke hannu, kuma a nan suke cin abincinsu. Ya yi tambaya mai sauƙi: in da iska ce ke kawo cutar, ai da huhu za ta fara kamawa. To me ya sa ciki take farawa? Amsarsa ita ce, haɗiye ta ake yi. Tana fita daga cikin mai ciwo, ta shiga ruwa ko abinci, ta faɗa cikin mai lafiya.

Ba a kula shi ba. An san shi dai da ƙwarewa wajen ba da maganin sa barci lokacin tiyata, har shi ya shaƙa wa Sarauniya Biktoriya maganin lokacin haihuwarta a 1853. Amma maganarsa kan ruwa, aka ce babu hujja.

Hujjar ta zo a ƙarshen watan Agustan 1854, a unguwar Soho, kusa da gidansa. Cikin kwana 10 sama da mutum 500 suka mutu a 'yan layuka kaɗan. Masu hali suka kulle gidaje suka gudu. Shi kuwa ya je ofishin rajistar mace-mace ya karɓo jerin mutum 83 na farko, ya bi gida-gida yana tambaya: a ina mamacin ke shan ruwa? Kusan duk amsar ɗaya ce, famfon tuƙa-tuƙa da ke titin Broad. Mutum 10 ne kawai gidajensu suka fi kusa da wani famfon daban. Da ya bincika, iyalan biyar daga cikinsu suka ce ai su kullum can titin Broad suke aikawa a ɗebo, don ruwansa ya fi daɗi. Uku kuma yara ne da makarantarsu ke kusa da famfon.

Bai tsaya kan waɗanda suka mutu ba, ya nemi waɗanda suka tsira. A tsakiyar unguwar akwai gidan gajiyayyu mai mutum 535, ga cunkoso ga talauci, amma mutum biyar kacal suka mutu. Ashe suna da rijiyarsu a cikin gida. Sannan ga labarin wata dattijuwa da mijinta ya rasu, wadda ta daɗe da ƙaura zuwa Hampstead, nesa da Soho, inda babu cutar ko kaɗan. Ta saba da ɗanɗanon ruwan titin Broad, don haka kullum ake kai mata babbar kwalba a keken doki. Ta sha, ta kamu, ta rasu. Wata 'yar uwarta da ta kawo mata ziyara ta sha, ta koma gida, ita ma ta rasu. Warin Soho bai je Hampstead ba. Ruwan Soho ne ya je.

Ranar 7 ga Satumba Snow ya tsaya gaban hukumar unguwar ya yi bayani. Washegari aka cire hannun famfon. A nan akwai abin da ya kamata a faɗa, don shi kansa ya rubuta shi: kafin a cire hannun, cutar ta riga ta fara lafawa, saboda jama'a da yawa sun tsere. Bai yi da'awar abin da bai tabbatar ba. Wannan gaskiyar tasa na cikin abin da ya sa har yau ake girmama littafinsa.

A 1855 ya sake buga ƙasidar, ta zama cikakken littafi, a ciki kuma akwai taswirar da ta yi suna a duniya. Bari in kwatanta muku ita. Titunan Soho ne aka zana, an nuna inda famfuna 13 suke. A gaban kowane gida da aka yi rashi an ja ɗan gajeren baƙin layi, layi ɗaya rai ɗaya. Gidan da aka rasa mutum huɗu, layi huɗu a jere. A gefen takardar layukan jefi-jefi ne. Kana matsowa tsakiya suna ƙaruwa, har su taru su yi baƙi ƙirin a kewayen famfo ɗaya, kamar tururuwa a kan ƙwayar sukari.

A cikin littafin akwai wani lissafi da ya fi taswirar ƙarfi. A kudancin Landan kamfanoni biyu ne ke ba da ruwa a tituna ɗaya, wannan gida na wannan kamfani, maƙwabcinsa na wancan. Kamfanin Lambeth ya mayar da wurin ɗibar ruwansa can saman kogi a 1852, inda ƙazantar birni ba ta kai ba. Kamfanin Southwark da Vauxhall kuwa yana nan yana ɗiba a cikin gari. A makonni bakwai na farkon annobar, cikin kowane gida 10,000 masu shan ruwan cikin gari an rasa mutum 315. Cikin kowane gida 10,000 masu shan ruwan saman kogi, mutum 37. Iska ɗaya suke shaƙa, titi ɗaya suke bi. Ruwa ne kawai ya raba su.

Wani malamin coci na unguwar, Henry Whitehead, ya shiga bincike da niyyar ƙaryata likitan. Ya san mutanen, ya san gidajensu. Binciken ya kai shi gida mai lamba 40 a titin Broad, inda wata jaririya ta kamu da gudawa dab da ɓarkewar annobar. Mahaifiyarta takan wanke tsummokaranta ta zuba ruwan a ramin masai da ke ƙofar gida. Da aka tona, sai ga ramin bai kai taku uku daga rijiyar famfon ba, tubalinsa ya ruɓe, yana tsiyaya. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya zo ƙaryatawa ya koma babban mai ba da shaida.

Duk da haka kwamitin hukumar lafiya ta ƙasa ya ƙi amincewa. Aka mayar da hannun famfon. Littafin da ya ci wa mai shi sama da fam 200 bai yi kasuwa ba. John Snow ya rasu a watan Yunin 1858 yana da shekara 45. Babbar mujallar likitoci ta Lancet ta ba da sanarwar rasuwarsa a 'yan layuka, ko kalmar kwalara ba ta ambata ba. Sai a 2013, bayan shekara 155, mujallar ta buga gyara.

Ba shi kaɗai aka yi wa haka ba. A wannan shekara ta 1854, a birnin Florence na Italiya, wani likita mai suna Filippo Pacini ya ga ƙwayar cutar da idonsa a madubin likita, cikin hanjin waɗanda ta kashe, ya kuma buga bayaninsa. Takardar ta kwanta a kan kanta. Bayan shekara 30 Bajamushe Robert Koch ya sake gano ƙwayar a bincikensa na Masar da Kalkata, duniya ta yaba masa. Sai a 1965 masana suka mayar wa Pacini haƙƙinsa, suka haɗa sunansa da sunan ƙwayar. Da wani ma'aikacin ɗakin karatu ya ga takardar nan ta tsufa ya jefar, da ba a san an yi shi ba.

Takarda ta ƙarshe daga Landan zane ce ta 1866, aikin George Pinwell, a wata mujalla mai suna Fun. Ƙwarangwal ne sanye da kambin sarauta yana tuƙa famfo, mata da yara talakawa sun yi layi da tuluna da kofuna suna tara. Ku kwatanta da zanen 1828. A can ƙyama aka nuna, a nan kisa. A shekarar kwalara ta kashe sama da mutum 5,000 a Landan, akasarinsu a gabashin birnin, kuma William Farr, babban mai ƙididdigar gwamnati wanda a da ya yarda da maganar wari, shi da kansa ya bi sawun cutar har zuwa matattarar ruwan wani kamfani. Da aka kammala manyan magudanan da injiniya Joseph Bazalgette ya gina, aka kuma tsananta tace ruwa, annobar kwalara ba ta sake ɓarkewa a Landan ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To jama'a, ina ruwanmu da labarin Landan? Cutar da suka kora tana nan tare da mu. Annobar da ake ciki yanzu ta faro ne daga Indunusiya a 1961, ta iso Afirka ta Yamma a 1970, ta shigo Najeriya a ƙarshen shekarar. A 2021 kaɗai an samu sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Tambayar da likitan nan ya riƙa yi gida-gida ita ce dai tambayarmu a kowace damina: taku nawa ne tsakanin masanmu da rijiyarmu? Daga ina ɗan ga-ruwa ya ɗebo? Hannun wa ya shiga randa?

Mu ma muna da namu takardun. Tun kafin zuwan maɗaba'a, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan cututtuka da magunguna. A 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, daga baya kuma, a zamanin Yaƙi da Jahilci, aka buga ƙananan littattafai da Hausa kan tsabta da noma da lafiya. A 1948 aka buga rahoton aikin Anchau, inda aka yaƙi ciwon barci, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya, aka haƙa rijiyoyi masu siminti. Dattawanmu na tuna duba-gari da ke shiga gida ya leƙa randa. Iyayenmu mata na tuna fastocin ruwan gishiri da sukari da aka liƙa a asibitoci. Wurare irin su Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, don adana irin waɗannan aka yi su.

Amma fasta nawa aka yage aka ƙunshe ƙosai da ita? Rajistar asibiti nawa gara ta cinye a sito, nawa ɗanshi ya manne shafukansu? Taswirar Soho ta yiwu ne don akwai ofishin da ke rubuta kowace mutuwa da adireshinta. Inda ba a rubuta ba, ba a ajiye ba, kowace annoba sai ta zo mana kamar ba a taɓa yin ta ba.

Don haka ga roƙona. Ma'aikacin lafiya, idan an kawo muku sabuwar fasta ko takardar faɗakarwa, ka ware kofe ɗaya, ka rubuta shekara da wuri a bayanta, ka adana. Mai riƙe da rajista, ka rubuta unguwar mai ciwo da inda yake shan ruwa. Wanda ya gaji tsofaffin takardu a gida, ya ɗaga su daga ƙasa, ya nisanta su da laima, ya ɗauki hotonsu da waya, in ya ga dama ya kai ɗakin karatu. Ɗalibai, da yawa daga zanen da na kwatanta muku suna nan kyauta a intanet, ku nema ku gani da idonku.

Mu kuma a gida, mu tafasa ruwan sha ko mu sa masa maganin tsarkake ruwa. Mu rufe randa, mu ware mata moɗa ɗaya mai tsabta. Mu wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayan gida da kafin cin abinci. Kada a haƙa masai kusa da rijiya. Wanda amai da gudawa suka kama, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a garzaya da shi asibiti, kada a jira gari ya waye. Rigakafi ya fi magani.

A nan za mu dakata a shirinmu na yau. Allah Ya kare mu daga annoba, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)